Ruwa a Kan Jariri

A layin ganin likitan yara, wata ɗalibar jinya tana hadda, idonta a kan kumburarren kan jaririn matar da ke gefenta.

"Haidiro, ruwa. Sefalo, kai."

"Ke! Ɗana ne allonki?" Matar ta ja zani ta rufe masa kai.

"Yi haƙuri, Yaya. Turancin likita ne, daga Girkanci. Sai na gani da idona nake riƙewa."

"Je ki kalli na gidanku, mara kunya! Haka kuke kullum, ku tsaya a kansa kuna haidiro haidiro, ku wuce." Sai ta dakata. "Tsaya. Ruwa kika ce?"

"Likita bai faɗa miki ba?"

"Irinku yake faɗa wa. Ni aikina in riƙe muku yaron."