Kunyar Ɗiyar Fari Da Kunnena Na Hagu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajo, tsohuwa daga Ƙofar Rini.

Zamanin Nasara anka haife ni nan Sakkwato, kunnena na hagu a naɗe. Ni ce ɗiyar fari, kun kuwa san al'ada: uwa ba ta kula ɗan fari gaban mutane, ko sunansa ba ta faɗi. Inna ta ga kunnen tun ran haihuwa, amma kunya ta rufe mata baki. Maƙwabta sunka ce wai tunkiya mai lanƙwasasshen kunne Inna ta kalla tana da cikina. Anka rufe da kallabi, anka yi shiru.

Ina budurwa Baba ya kai ni ga likitan Nasara. Ya yi mini raɗa ta baya don ya gwada kunnen, na ji sarai. Ta bakin tafinta ya ce, "Ba tunkiya ba ce, kwanciyar ciki ce. Da an kawo ta tana jaririya, guringuntsin da taushi, da auduga da ƙyalle sun miƙe shi. Yanzu ya yi tauri."

Da Inna ta ji, ta shige ɗaka tana kuka, nan ma ba ta kira sunana ba.

Shekaranjiya jikata ta haifi ɗiyar fari da kunne irin nawa, ga uwar can ta kau da kai don kunya. Ku ba ni shawara: in jira suna, ko in nufi asibiti da jaririyar yau? Ni dai zanen goyo na hannuna.