Tsintsiyar da Ta Kusa Kashe Lemon Inna

Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu dattawa, malaman makaranta, 'yan kwamitin tsaftar unguwa, maƙwabtana maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka ba tela irina dama ta ajiye almakashi ta riƙe lasifika. An ce in yi magana kan tsafta, ni kuwa laifina na zo faɗa.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta bar mini zinare ba, bishiyar lemon tsami ɗaya ta bar mini a tsakar gida. Saboda son da nake mata, kullum da safe sai na share gindinta tas, in tara ganyen in ƙona. Ruwan ɗauraya kuwa in kwarara a kwata. Shekara uku bishiya sai ramewa take, ta daina fure, har maigidana ya fara zancen gatari. Wallahi ranar na yi kuka.

Sai maƙwabcinmu mai aski ya leƙo ya ce, "Yaya, wannan wace irin ƙauna ce? Ki kwashe mata abinci ki ƙona, ki zubar mata da ruwa a titi, sannan ki ce ba ta da lafiya?"

Na ji haushi, amma na ji magana. Ga abin da na koya.

Na farko, mu duba kafin mu gyara. Da na zauna kwana ɗaya na lura, da na ga inda ganye ya maƙale bayan randa ƙasar a jiƙe take, inda na share kuwa ta tsage.

Na biyu, abin da muke kira shara yawanci abincin wani ne. Na bar ganyen a gindinta, na ƙara ɓawon albasa da na ƙwai, na haƙa 'yar hanya daga wurin wanke-wanke zuwa saiwarta. Kaji suka tona, suka bar taki. Ƙanwar mijina ta ce, "Ke da ake yabo da tsafta, yau kin zama ƙazama?" Na ce mata, "Ba ni damina biyu."

Na uku, haƙuri. Wata bakwai ban ga komai ba, gatari na jingine a bango. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Jama'a, ban ce a jefar da tsintsiya ba. Mu share titi, mu share kwata, amma gindin bishiya mu bar mata rabonta. Gani ya kori ji: kwandon nan da ke gaban shugaba, lemon Inna ne. Maigidana da kansa ya tsinko shi. Kowa ya ɗauki ɗaya, ɓawon kuma kada in gan shi a bola.

Allah ya jiƙan waɗanda suka dasa mana, ya raya abin da za mu dasa, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.