Dafaffen Ƙwai Hamsin

A ƙofar wani otal ɗin caca mai araha a garin Poipet, wata dattijuwa ta ajiye kwandon dafaffen ƙwai kusa da wani mai yamutsattsiyar riga.

"Inna, ƙwan cika wa gunki alkawari ne? Lallai kin ci caca."

"Ni ba na caca. Ƙwai hamsin na yi alkawari in aka cinye mijina kaf, ya dawo gida."

"An cinye shi?"

"Har agogo. Yana sama yana haɗa kaya."

"Mai jar hular nan?"

"Shi fa."

"Haba Inna, kwana uku ina zuba kuɗina duk inda ya zuba. Ba ki gaya wa gunkin mutum ɗaya kike nufi ba? Miƙo biyu, ban karya ba."