Rufin Motar Fasto

LESIELI: Halo? Wa ke magana?

VIKA: Yaya Lesieli, ni ce, Vika.

LESIELI: Wace?

VIKA: Vika, uwar Semisi.

LESIELI: Au, Vika. Ina wuni.

VIKA: Lafiya lau, Yaya. Ya gida, ya jikoki?

LESIELI: Suna nan ƙalau.

VIKA: Ya zafin nan?

LESIELI: Mildura ce fa, a nan Ostireliya in Janairu ya kama ko kare ba ya leƙo waje. Kuna kan inabin har yanzu?

VIKA: Muna kai. Daga gonar ma nake kiranki, an ba mu hutun cin abinci. Ya gwiwar taki?

LESIELI: Tana nan yadda kika san ta. Surukar taki ta sauka?

VIKA: Luseane? Da saura, sai wata mai kamawa.

LESIELI: Allah ya raba lafiya.

VIKA: Amin. To ya jikoki?

LESIELI: Vika, kin riga kin tambaye ni jikoki. In maganar motar ce ki faɗa, miya na bari a wuta.

VIKA: Ita ce, Yaya. Ban san ta inda zan fara ba.

LESIELI: Ni na san ta inda zan fara. Matan coci muka wahala, wasu a gonar lemu, wasu a wanke-wanken asibiti, muka saya wa Fasto bas sabuwa dal, fara tas. Ɗanki ne ya miƙo min makulli a kamfaninsu yana murmushi. Ko mako ba ta yi ba tsatsa ta fara gangarowa ta ƙofofi kamar an watsa mata shayi. Wannan ita ce sabuwar mota?

VIKA: Ban kira don in kare shi ba.

LESIELI: Gara dai. Don ranar da muka je mu da mata, na faɗa wa baturen nan maigidansa a fuska, tsohuwa suka shafe da fenti suka sayar mana. Wai in bar musu ita su duba. In bar musu su sake shafewa? Na ja abata na dawo da ita gida.

VIKA: Na ga bidiyon da aka ɗauka ranar. Kowa ya gani, har dangi na can ƙasarmu Tonga sun kira ni. Ranar Lahadi a kujerar baya na zauna, ko waƙa ban iya ɗaga kai na yi ba. Ga shi yanzu sun dakatar da shi, ni dai...

LESIELI: Sun daka wa? Dukansa suka yi?

VIKA: A'a, sun dakatar da shi daga aiki.

LESIELI: Muryarki na yankewa. Kin ce aiki?

VIKA: Na ce sun ce ya zauna a gida. Shi ya sa na ce masa ya ɗauki... ya zo wurinki da...

LESIELI: Ba na jin komai. Tsaya, gidan nan in ba sama na hau ba waya ba ta kamawa. Kar ki kashe.

VIKA: Bi a hankali da gwiwar.

LESIELI: Wash. Rabona da benen nan tun Kirsimeti. Ci gaba, yanzu ya fara fita.

VIKA: Baturen ya tara ma'aikatansa, ya ce wa ya duba motar kafin a ba da ita. Semisi ya ce shi ne. Ya ce to ka ga wani abu a fentin ka ɓoye? Yaron nan ya yi shiru. Ya sake tambaya, shiru. Shi ne ya ce in Jumma'a ta yi ba a gano daga inda abin ya fito ba, ya kawo rigar aikinsu.

LESIELI: To ai shirun nan amsa ce.

VIKA: Haka ni ma na ce. Yaya, ban haife shi don ya cuci coci ba. Ke kika riƙe shi ranar da aka yi masa baftisma. Kunya ta hana ni barci.

LESIELI: Ni ban ce a kore shi ba. Motar na ce a canza.

VIKA: Na sani. Kina ji na sosai yanzu?

LESIELI: Ras. Ina bakin taga, bari in buɗe ta, ɗakin kamar tanda. Ga ma motar can ƙasa, ina kallon...

VIKA: Yaya?

LESIELI: ...

VIKA: Halo? Layin ne kuma?

LESIELI: Ba layin ba ne.

VIKA: To mene ne? Kin faɗi ne?

LESIELI: Vika, kin tuna da abin da muka lulluɓe motar ranar da aka miƙa wa Fasto?

VIKA: Wa zai manta? Babban ngatun nan naki, mayafin gargajiyarmu wanda marigayiya mamarki ta buga daga ɓawon itace ta yi masa zanen rini da hannunta. Tun daga gilashin gaba har baya. Kowa sai da ya yaba.

LESIELI: Mai tsuntsaye biyu-biyu.

VIKA: Shi fa.

LESIELI: Suna kan rufin.

VIKA: Su wa? Tsuntsaye sun yi mata kashi?

LESIELI: Zanen, Vika. Zanen Mama. Ga shi nan kwance a kan rufin motar layi-layi, ja da baƙi, har da ɗan karkacen da hannunta ke yi a gefe. Daga nan ne abin ya gangaro ta ƙofofi.

VIKA: Ban gane ba.

LESIELI: An yi ruwa daren nan. Muka tashi daga biki a gajiye, na ce a bar mata shi ta kwana da adonta. Washegari rana ta buɗe, sai bayan azahar na aiki yara suka janye shi ta gefe. Motar ta fi kowa tsawo, ba wanda ya leƙa sama.

VIKA: Wato ba tsatsa ba ce.

LESIELI: Rini ne. Rinin gidanmu.

VIKA: Yesu.

LESIELI: Kuma ya faɗa min.

VIKA: Wa?

LESIELI: Semisi. Ana cikin rabon alade ya zo ya durƙusa kusa da kujerata, ya ce Anti, hadari na haɗowa, ko a cire ngatun kafin dare. Na ce masa tun ba a haifi ubansa ba nake shimfiɗa ngatu, ya je ya kai wa dattawa gwaza.

VIKA: Bai taɓa faɗa min ba.

LESIELI: Ranar da muka je kamfanin ma, ina cikin masifa na gan shi ya taka taya ya leƙa rufin. Ya daɗe yana kallo. Ya sauko ya haɗa hannu a baya, ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na nuna shi da yatsa na ce ku gani, ko ido ya kasa haɗawa da ni.

VIKA: Ya gani ke nan.

LESIELI: Ya gani.

VIKA: Ya gani, amma ba zai ce wa babba ke kika yi ba a gaban bature, ga mata tsaye, ga waya ana ɗaukar bidiyo.

LESIELI: Vika, ƙasa ta tsage in shige.

VIKA: Mhm.

LESIELI: Ki ce wani abu mana.

VIKA: Me zan ce? Jiya na tara kawunnansa a falo. Na sa shi ya zauna a ƙasa, magidanci, matarsa na kallo da ciki. Na ce ya buɗe baki ya faɗi abin da ya yi wa coci. Ya ce Mama, ba ni da abin faɗa sai haƙuri. Na mare shi, Yaya. Rabon da in taɓa shi tun yana firamare.

LESIELI: Wayyo ni.

VIKA: Ni na koya masa yin shiru a gaban manya, kuma ni na mare shi a kai.

LESIELI: Za a gyara. Bari in kira baturen a waya, ni da shi kawai, in ce a bar maganar, mun yafe.

VIKA: Kun yafe me?

LESIELI: To, in ce an samu kuskure. Ba sai an faɗi na wa ba.

VIKA: A waya kika zagi Semisi?

LESIELI: Vika, ki duba matsayina. Ni ke jan matan nan. In abin ya fita, da wane ido zan kalli matar Fasto? A bari Lahadi ta wuce, in samu yadda zan...

VIKA: Jumma'a aka ce masa, ba Lahadi ba.

LESIELI: Na ji, amma ai... tsaya. Wata farar a-kori-kura ta tsaya a ƙofata. Ba ta mijinki ba ce?

VIKA: Ita ce. Abin da nake ta faɗa miki ke nan layi na yankewa. Ni na aiko shi.

LESIELI: Ya fito. Ya ɗaura tabarma a ƙugu irin ta al'adarmu ta girmamawa, baƙaƙen kaya a cikin wannan rana. Me yake saukewa? Alade ne gasasshe, Vika, guda sukutum.

VIKA: Na Luseane ne, wanda muke kiwo don ranar da za ta sauka. Na ce a yanka a kawo miki.

LESIELI: Bai buga ƙofa ba. Ya zauna a kan siminti, kusa da motar. Ya sunkuyar da kai. Simintin nan ƙona ƙafa yake yi.

VIKA: Na ce masa kar ya tashi sai kin yafe masa.

LESIELI: Maƙwabta sun fara leƙowa. Don Allah ki kira shi yanzu ki ce ya tashi.

VIKA: A'a.

LESIELI: Vika, ina roƙonki.

VIKA: An kira mu, hutu ya ƙare. Ba ni zan ce masa ya tashi ba, Yaya. Ki sauka.

LESIELI: Me zan ce masa? Vika? Vika?