Soron Dundaye

Matata ta ce kunnena ya fi hannuna aiki, kuma ba ta yi ƙarya ba. A shagon kayan gini a Ƙofar Taramniya, na tarar da wani malamin makaranta yana nuna wa wani dattijo takardar ɗan kwangila.

"Miliyan biyu, Baba. Sabon silin da soso a ƙarƙashin kwano, don yarana su samu barci."

"Don zahi kawai? Ni soron ƙasa gare ni a Dundaye. Da bazara, tsakar rana, sai na jawo mayafi."

"Mayafi, Baba? A Sakkwato?"

"Ruwan randa har haƙori shika kamawa."

"Ikon Allah. Nawa ginin ya ci?"

"Gayya anka yi. Hura kawai anka dama."

Malamin ya daɗe yana kallon takardarsa. Dattijon kuwa bandir uku na kwano ya saya, na ji yana gaya wa mai shago zai rushe soron.