Awaki Sun Cinye Ragar Jikata

Assalamu alaikum, mai gabatar da wannan shiri, ina gaishe ka da aiki. Ni ne Malam Idi, babban mai tufkar igiya a Gangara, kuma da hannuna na rubuta wannan wasiƙa, domin bana na kammala karatun manya.

Da kaka na je Damagaram, na ga an ɗaure wata raga tsakanin ƙarafa a filin makaranta, yara suna hawa. Na tambayi mai gadi, “Ɗana, ina ciyawar da za a zuba ciki?” Ya yi dariya ya ce, “Baba, ai ta wasa ce.” Na yi mamaki ƙwarai. A ƙuruciyarmu, lokacin da ayarin Azbinawa ke sauka sayen hatsi, raga ta ɗaukar kaya ce, yaron da ya taka ta kuwa sai ya sha bulala.

Jikata Hadiza, wadda muka je tare, ta roƙe ni irinta, na yi mata alkawari a gaban mutane. Na tufka igiyar kaba, na saƙa, na ɗaure a aduwar gidanmu. Ba a jima ba awaki suka cinye gindinta, Hadiza ta faɗo ta gurje gwiwa. Uwarta ta ce, “Baba, don Allah a kwance abin nan.” Na kwance, yarinyar ta daina yi mini hira.

Shin da wace igiya ake saƙa ta birni? Me ake shafa mata har dabba ta ƙi ci? Wanda ya sani ya taimaka, domin Hadiza tana zaune kusa da rediyo, kuma na riga na gaya mata za a ba mu amsa.