Dodon da Ke Yin Sallama

A tashar mota ta Gombe, Mudathir na jiran motar Biu ta cika. Bai taɓa bin hanyar Borno ba. Don rage fargaba yake kallon wani fim na tatsuniyoyin Girkawa a waya, sai wani dattijo da ke gefensa ya leƙo.

"Samari, wannan mai macizai a ka ita ce dodon?"

"Ita ce, Baba. Duk wanda ya kalle ta, dutse yake zama. Wallahi sun iya faɗa kamar gaske, sai dai labarin ba kan gado."

"Ba nan suka gaza ba. Dodonsu tun daga nesa ake gane shi, har mutum ya samu damar gudu. Waɗanda suka ƙone garinmu da sallama suka shigo. Ni na ba su ruwan alwala."

Mudathir ya kashe wayar, ya bi fasinjojin da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"To Baba, a hanya yaya ake gane su?"

"Ba a ganewa." Dattijon ya ɗauki jakarsa. "Tashi mu shiga, mota ta cika. Ni ma ai ba ka san ni ba."